Abin da Ke Cikin Rigar Bappa Buba

Na daɗe ina ɗage wannan babi. Na ba ku labarin tasowata, na ba ku na Garwa da Njamena da zaman da muka yi a Sudan a hanyarmu ta aikin hajji, duk ba su yi mini nauyi ba. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne Sadiku, ɗan Dija, da ya dawo daga makaranta kwanan baya da leɓe a fashe, ya ƙi gaya wa kowa dalili. Sai daga baya uwarsa ta ji cewa wani yaro ne ya kira shi jikan mai bam. Yaron da ya faɗa, ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da abin ya faru, a gidansu ya ji. Tunda maganar ta gangaro har bakin yara, wajibi ne wanda ya gani da idonsa ya faɗa tun yana numfashi. Mu biyu ne a kan tudun nan ranar, ni da Dija, ita kuwa ta kifa fuskarta a bayana, ba ta ga komai ba.

Bappanku Buba ɗan goggona ne, wato taubashina. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka tun muna ƙanana nake kiransa bawana, shi kuma ya laƙaba mini Tafinta, wai ba ni da sana'a sai aron bakin mutane. Gaskiya ne, duk garin da muka sauka sai na tsinci harshensu: Barbarci, Larabcin Shuwa, Faransancin kasuwa, har da ɗan Teranci da Baburanci na maƙwabtanmu. Shi kuwa Fulatanci da Hausar da ya tashi da su, da su ya koma ga Allah, yana cewa keke ba ya jin yare. Idan na ce keke, kada ku ɗauka mai ƙafa uku da kuke shiga zuwa kasuwa nake nufi. Basukur nake nufi, baƙi, na ƙarfe zalla, mai birkin sanda da kariyar da ke ɗaukar buhun gero. A kan irinsa muka je Sudan muka dawo, a kansa muka yi fataucin turare da kanwa shekaru masu yawa. Da girma ya zo muka zauna a unguwar Nasarawo ta Gombe, katanga ɗaya tsakaninmu, muka haɗa 'ya'yanmu aure: Dija tawa da Usmanu, ɗansa na fari, wanda aka tura koyarwa wani ƙauye can gaba da Biu.

Duk wanda ya yi doguwar tafiya a keke ya san tudu abu ne mai sauƙi, domin kana hangen ƙarshensa. Iska kuwa ba ka san inda za ta tsaya ba. Na sha ta iri-iri. Ta Sudan, wadda suke kira habub, tana tahowa kamar katanga, ba a gardama da ita, sai ka kwantar da keke ka kwanta a gefensa. Ta bakin tafkin Cadi daga gefe take duka, ta yi ta ture ka daga hanya kamar mai neman faɗa. Ta duwatsun Ngaundare sanyi gare ta, amma ba ta daɗewa. Tamu ta ƙarshen bazara, wadda ke gaba da hadari, daga gabas take fitowa, kuma tana iya wuni tana dukan ƙirjin mutum. Dabararmu ɗaya ce. Mutum guda ya shiga gaba ya sunkuya ya sha iskar, ɗayan ya laɓe a bayansa, tayarsa ta gaba kamar ta taɓa ta bayan ɗan'uwansa. Ba a magana, don ba a ji. Ƙararrawa ce bakinmu: bugu ɗaya, na gaji, zo ka karɓe ni, bugu ba ƙaƙƙautawa, akwai matsala. Idan kuma Allah ya juyo da iskar ta bayanmu, Buba yana da wani wasa da ya koyo daga jiragen da ya gani a kogin Nilu, masu ƙyallen da iska ke turawa. Sai ya zura sandarsa ta kiwo ta cikin hannayen babbar rigarsa, ya gitta ta a kafaɗa, ya ɗaure bakin rigar na ƙasa a kariya. Rigar ta cika ta yi tim, ya ɗauke ƙafa daga feda, ya wuce ni yana dariya, yana cewa ubangida ya taho a hankali. Yaran ƙauyukan Cadi sun sha bin sa da gudu suna shewa.

Shekarar da nake magana a kai ita ce wadda aka yanke layin waya a gabas da mu. Manyanku za su iya tunawa. Gombe ta cika da baƙi masu ɗan ƙunshi a ka. A Barunde da Nasarawo da wuya ka sami gidan da bai sauki wani ba, zaure ya koma ɗakin kwana. Waɗanda suka koro su kuwa ba ma kiran sunansu ko a cikin ɗaki, sai dai mu ce yaran nan. Na zauna a Njamena lokacin da suke yaƙinsu, amma a can ka san wane ne wane, ka san unguwar da ba ka shiga. A nan kowa abin tsoro ne. Baƙo ya shigo masallaci da riga mai ɗan kauri, sai ka ga sahu yana buɗewa a gefensa. Aka kafa shingaye a kowace mashiga, aka sa doka cewa mai acaɓa da mai keke su sauka tun daga nesa, su turo abin hawansu da hannu har su wuce. Kowa ya koyi wannan har ya zama jiki.

Dija tana da cikin fari, kuma bisa al'ada gidanmu za ta dawo ta haihu. Magana ta ƙarshe da muka yi da Usmanu kafin a yanke waya, ya ce da ya sami sarari zai kawo ta da kansa. Daga nan shiru. Matata, Dadarku, ta gyara ɗaki, ta sayi itacen dafa ruwan wanka ta jera a bayan gida, kowace safiya sai ta leƙa ta ƙara daidaita jerin. Ba ta taɓa ce mini in je ba. Abin da take yi, in ta ajiye mini abinci sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce cikin nan fa ya kusa shiga watansa, ta juya. Ran nan wani mai sayar da albasa da ya tsero daga wajajen ya ce an ƙone ƙauyen, mutane sun watsu cikin duwatsu, bai san wa ya rayu ba. Na je tasha. Direbobi suka ce an rufe hanya daga wani wuri, kuma ko a buɗe take babu mai sauka daga kwalta. Babur kuwa, a dajin nan a lokacin, ƙararsa kaɗai ta isa a harbe ka, daga kowane ɓangare.

Da na dawo na tarar da Buba a ƙofar gida ya kife kekensa yana ɗiga wa sarƙa mai. Kun san kunyar ɗan fari irin tamu. Tunda aka haifi Usmanu ban taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba, ranar ma bai ambace shi ba.

"Tafinta," in ji shi, "wato 'yarka za ta haihu a kan dutse, kai kana nan kana sauraron rediyo da yare huɗu?"

Na ce masa mun tsufa, gwiwar nan tawa ba za ta kai ni ko Dadin Kowa ba.

"Gwiwar ubangida ce, ba ta saba aiki ba. Ka laɓe a bayana yadda ka saba. Burtali za mu bi, ba ruwanmu da kwalta."

Matarsa, Innarku Mairo, ta fito ta riƙe tayar keken da hannu biyu, ta ce ba ta san halin da ɗanta yake ciki ba, yanzu kuma mijin ne zai bi. Ya jira har ta saki don kanta, sannan ya juya feda ya ci gaba da ɗiga mai.

Muka tura kekunan zuwa Kasuwar Gombe, wurin Oga Sunday, wani Ibo da muka yi shekaru muna sayen kayan keke a shagonsa. Ya riga ya tura iyalinsa gida kudu, shi ya ƙi tafiya, yana cewa a can babu wanda ya san shi sai kabarin uwarsa. Shagon ya kusa zama fayau, kaya sun daina zuwa. Ya sa mana tayoyin da suka rage masa, ya haɗa mana kayan faci. Da ya zo kan birki sai ya tsaya. Robar nawa da sauranta, ta Buba kuwa ta cinye har ƙarfe, ya zazzage kwalaye bai sami sabuwa ba. Ya yanko tsohuwar tayar mota, ya fere, ya cusa, ya gwada, ta kama. Ya ce amma fa a bushe ne, in ruwa ya taɓa wili kada a dogara da ita. Ya roƙe mu mu dakata kaɗan ya nemo ta gaske a wurin 'yan'uwansa.

"Oga, gabas fa za mu," in ji Buba. "Iska ce birkinmu. Kai dai in kana da abin turawa, kawo."

Muka yi dariya mu uku, muka yi sallama.

Tun daga fitarmu gari iskar ta tarbe mu, ba ta kuma sake mu ba. Kullum da la'asar hadari zai haɗu a gabanmu ya yi baƙi ƙirin, ya watse ba ɗigo, ya bar mana iskar. Buba ya shiga gaba, kansa a sunkuye, rigarsa a tattare ya cusa a wando. Ni ina baya ina kallon tayarsa, ina jiran bugu ɗaya, ba ya bugawa. In na gaji da jira na matsa in karɓe shi, sai ya kore ni da hannu. Akwai wuraren da muke takawa da dukan ƙarfinmu, amma mai tafiya a ƙasa zai iya jerawa da mu. Leɓe ya tsage, ido ya yi ja, gwiwata ta kumbura har na yage gefen rawanina na ɗaure ta. Wahalar jiki mun san ta tun muna samari. Abin da ban sani ba shi ne ƙasar da muke ratsawa. A da, duk rugar da ka gifta sai an kira ka shan nono. Yanzu mata na hango maza biyu a kan keke sai su suri 'ya'yansu su shige dawa. Lokacin sharar gona ne, amma gonaki na nan da karan bara a tsaye. Muka ɗauki al'adar sauka nesa da kowane gari, mu turo, ni ina ɗaga murya ina sallama da yaren mutanen wurin, har wani dattijo ya fito ya dube mu ya yarda.

Akwai wani ƙaramin gari da ba zan faɗi sunansa ba, za ku ga dalili. Yana gindin wani dogon gangare, da 'yar gada a bakin shigarsa ta gabas. Da muka ratsa shi babu shinge, babu kowa a gadar. Wata mata mai gida kusa da gadar ta ba mu kunu a ƙwarya, ta tambayi inda za mu, da ta ji sai ta ce in Allah ya sa mun samo yarinyar mu tsaya a wurinta ta huta. Muka tura kekunan muka hau tudun nan, iska na neman mayar da mu. Da muka kai ƙoli Buba ya waiwaya ya dubi gangaren, ya ce in sha Allah a dawowa wannan zai rama mana.

Ƙauyen su Usmanu mun same shi yadda mai albasa ya faɗa. Makarantar ba rufi, kwanon ya nannaɗe, iska na kaɗa shi. Wani makiyayi ya nuna mana wani tsauni, ya ce waɗanda suka rage suna can. Muka bar kekuna a gindin dutse muka hau da ƙafa. Dija tana zaune a ƙarƙashin wata tsamiya cikin zanen aro, ta rame, cikin kaɗai ya yi gaba. Da ta gan ni ba ta yi kuka ba. Da ta ga Buba a bayana sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kifa kai a gwiwa, a nan muka sani. Wani tsoho ya ja mu gefe ya ba mu labari. Yaran sun zo suna tambayar gidajen malaman boko. Usmanu ya ji su, ya fito waje da kansa ya ja ƙofa, don kada su shiga ɗakin. Buba ya saurara har ƙarshe, idonsa a ƙasa.

"An yi masa sallah?" in ji shi.

Tsohon ya ce an yi, shi ya ja ta.

"Madalla."

Ya sauka gindin dutsen, na bi shi daga baya na tarar yana matsa tayoyin kekena da yatsa, yana ƙara musu iska da famfo. Ya ninke bargonsa ya ɗaure a kariyata. Dija ba za ta hau bayan surukinta ba, wannan ba sai an faɗa ba, don haka ni na ɗauke ta, shi ya ɗauki ƙunshinta: tukunya guda, zannuwa, da 'yan riguna da hulunan jariri da ta ɗinka da hannu ta fita da su a guje.

A dawowa iskar ta koma bayanmu, amma ba mu more ta ba. Burtali duk rami ne, mai ciki ba ta jure girgiza, rabin tafiyar turawa muke yi tana zaune. Buba ya daina tsokanata. Wuni guda ba ya ce mini Tafinta, ni ma na kasa ce masa bawa. Ranar da muka doso garin nan mai gada, tun da azahar na ji Dija tana damƙe rigata ta baya, ta saki, ta sake damƙewa. Na tambaye ta, ta ce ba komai, Baba. Na san ba gaskiya ba ne. A bayanmu kuma hadarin da ya saba watsewa ranar ya ƙi watsewa, ya haɗe daga ƙasa har sama, iskar gabansa tana karya rassa. Da muka kai ƙolin tudun, garin na can ƙasa, Buba ya tsaya ya dube ta, ya dubi sama. Ya ce ni in gangaro da ita a ƙafa a hankali, shi zai yi gaba ya gaya wa matar nan ta gyara ɗaki ta kira ungozoma kafin ruwa ya sauko.

"Bari bawa ya je ya share wa 'yar ubangidansa wuri," in ji shi.

Ya kwance sandarsa daga jikin keke, ya zura ta a hannayen riga, ya gitta a kafaɗa, ya ɗaure bakin rigar a kariya. Rabon da in ga ya yi haka tun kafin a haifi Usmanu. Ba wasa ne ya sa shi ba ranar, sauri yake nema. Iska ta cika rigar, ta fizge shi ya gangara.

Abin da ba mu sani ba, bayan wucewarmu labari ya iso garin cewa wani mutum ya shiga wata kasuwa da abu a ƙarƙashin riga ya hallaka jama'a. Samarin garin suka gitta gungume a bakin gadar, suka aro bindigogin mafarauta suna gadi. Daga inda nake tsaye na hango su, kafin shi ya gan su, don ɗigon farko ya riga ya fara sauka, manya-manya. Na ga lokacin da ya ɗago kai. Na ga hannayensa sun matse birki, keken bai ko rage ba, wili ya jiƙe. Ya sauke ƙafafu yana jan su a ƙasa, takalminsa ɗaya ya fita. Rigar kuwa a ɗaure take a kariya, ba shi da hannun kwance ta, iska na ƙara cika ta. Sai ya soma buga ƙararrawa ba ƙaƙƙautawa, yadda muka saba. Samarin suna ɗaga hannu, ina ganin bakunansu a buɗe, amma ko sauti ɗaya bai hau tudun ba, iska tana mayar musu da muryarsu. Na sha tsayawa a wurinsu cikin tunanina in dubi abin da suka gani: mutum ya taho a guje bai sauka ba, alhali kowa yana sauka, rigarsa a kumbure, wani dogon abu a gicciye a kafaɗarsa, ƙunshi a bayansa, yana ta buga ƙararrawa. Hayaƙin bindigar na fara gani. Ƙarar da ta iso ni ba ta fi ta karya kara ba. Rigar ta ci gaba da zama a cike, keken ya ci gaba da gudu har ya daki gungumen.

Na ce wa Dija ta riƙe ni kada ta ɗago. Na gangara ina tura keke da hannu ɗaya, ɗayan a sama, ina kururuwa da duk harshen da na tara a duniya cewa mu matafiya ne, mace ce a bayana tana naƙuda. Tawa muryar iska ta kai musu ita tsaf, ko kalma ɗaya ba ta ɓata ba. Sun kwanta a bayan ginin gadar suna jiran abu ya fashe, ba wanda ya yarda ya matso. Na jingine keke, na je na durƙusa, na kwance ɗaurin da hannuna, na zare sandar, na ɗaga rigar sama don su gani. Singileti ne da ƙirjin tsoho, sai jini. Na kwance ƙunshin na zazzage a kan gadar, tukunya ta gangara, ruwa ya soma jiƙa hulunan jariri. Buba yana numfashi tukuna. Ya dube ni.

"Tafinta, shigar da ita. Ruwa zai taɓa ta."

Na laƙƙana masa kalmar shahada, ya amsa, daga nan bai sake magana ba.

Wanda ya yi harbin saurayi ne da bai yi aure ba. Ya yar da bindigar ya zauna daɓas a cikin laka, ruwa na dukansa, ba wanda ya iya tashe shi. Matar da ta fito da gudu ta rungumi Dija ta shigar da ita gida ita ce mai kunun nan, kuma ita ce uwarsa. Ba a sami zuwa kiran ungozoma ba, ita ta karɓi haihuwar kafin magariba, ita ta yanke cibi. Washegari ni na yi wa Buba wanka, ɗanta yana cikin masu haƙa kabari, yana haƙa yana kuka har aka karɓe masa magirbi. Mai garin ya tara dattawa, ya ce in faɗi abin da nake so a yi. Na ce a rufe mini ɗan'uwana, a nema wa mai jego abin hawa in hanya ta buɗe. Saurayin yana nan da rai, na ji yana da 'ya'ya yanzu, shi ya sa na bar sunan garin.

Labari ya riga mu isowa Gombe, ya kuma sauya kama a hanya. Aka ce an harbe wani tsoho ɗan Nasarawo a shinge da bam a cikin riga. Wasu suka ƙara cewa dama ɗansa yana can gabas, wa ya san abin da ya kai su. Muka shimfiɗa tabarmin zaman makoki a ƙofar gida, suka wuni kusan babu kowa. Mutanen da Buba ya yi wa faci kyauta, waɗanda ya raka asibiti, suka riƙa zagayawa ta wani layi. Na ga makoki a ƙasashe da dama, na ga na talakan da ba shi da kowa a Sudan an cika masa tabarma da baƙi, ban taɓa ganin irin wannan ba. Ban riƙe su a zuciya sosai ba, don na san tsoron da ke cikinsu, a cikina ma yana nan. Oga Sunday ya rufe shago ya zo, ya cire takalmi ya zauna tare da mu har aka tashi zaman. Da zai tafi ya kama hannuna ya sa mini wani abu a ciki ya dunƙule. Robar birki ce, sabuwa. Ya ce washegarin tafiyarmu ya samo ta. Ya juya ya tafi.

Innarku Mairo ba ta yi mini faɗa ba. Ranar da na shiga yi mata gaisuwa, ta saurare ni har na gama ba ta yadda komai ya faru, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Kai dai ka dawo da taka."

Daga ranar har ta rasu gaisuwa ce kaɗai tsakaninmu, ta bayan labule. Amma jaririn a bayanta ya girma, ita ta ce a sa masa Abubakar, sunan kakansa, a riƙa kiransa Sadiku don ita ba za ta iya kiran sunan ba. Ni kuma ban sake hawa keke ba. Nawa yana rataye a zaure, kun sha tambayata me ya sa ba na sayarwa. In hadari ya taso daga gabas kuna murna kuna kwashe shanya, ni kuna ganin na shige ɗaki, to, yanzu kun san dalili.

Sadiku, wannan naka ne. In wani ya sake kiranka da sunan nan, kada ka daki kowa. Ka ce masa ya biyo ka gida. Rigar tana cikin akwatin Dada, a ƙasa, mun wanke ta amma ba mu ɗinke hujojin ba. A ciro ta a shimfiɗa masa a tsakar gida ya duba da kyau. Ka gaya masa ni na kwance ta da hannuna a kan gadar, a gaban mutanen gari guda, kuma babu komai a cikinta sai kakanka da iskar da ke tura shi ya je ya nema maka wurin haihuwa.